Kafin a Zuba Siminti: Itatuwan Ƙasarmu a Sababbin Gidajen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A bayan garin Ƙanƙara, ko a sababbin unguwannin Faskari da Sabuwa, aikin gina gida da gatari yake farawa. Da zarar an auna fili an kafa turaku, sai a kira 'yan ƙwadago su share shi tas. Kalgon da ke kusurwa, da 'yar magaryar da ta fara tasawa, da kututturen marken da ya yi toho, duk a tumɓuke su a tara a cinna wuta. Daga nan tifa ta juye yashi, a buga bulo, a ɗora kwano. Mai gida in yana da hali sai ya shafe tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, domin a idon mutane da yawa wannan shi ne alamar an gama gida. Ba a tuna da inuwa sai an tare, an sha zafin watan Afrilu na farko, kwano na ƙara a sama, siminti na huci a ƙasa, tsakar gida ta koma tandar waina. A ranar ne za a ba direba saƙo ya sayo dashe a Funtua ko Malumfashi.

Abin da direban zai dawo da shi sananne ne. Dalbejiya ce, ko turare, ko mangwaro, ko doguwar bishiyar nan siririya mai ganye a sunkuye da ake jerawa a gaban otal-otal. Babu ɗaya daga cikinsu da ke 'yar ƙasa. Dalbejiya daga yankin Indiya ta fito, kuma a lardin Borno aka fara dasa ta sosai a wajejen 1928. Turare na Ostareliya ne. Mangwaro da siririyar nan su ma 'yan Indiya ne. Baƙunta ba laifi ba ce, kuma wanda ya taɓa zama a gindin dalbejiya da rana tsaka a cikin azumi ba zai zage ta ba: tana girma da sauri, ba ta zubar da ganye gaba ɗaya, awaki ma ba su cika damunta ba. Amma ba ta shiga tukunyar miya. Kuma a wannan yanki, a wannan zamani, tambayar abin da itace yake kawowa cikin tukunya ta daina zama ƙaramar tambaya.

Kudancin Jihar Katsina ƙasar itatuwa ce tun asali. Ruwan sama a wajen Sabuwa da Faskari yakan kusa milimita 1,000 a shekara, ya ɗan ragu in an nufi Ƙanƙara, kuma ya fi na Daura ko Jibiya nesa ba kusa ba. Shi ya sa gonakin masara da dawa da auduga suka tashi a ƙarƙashin ɗorawa da kaɗanya, ga ɗinya da kanya a bakin rafi, ga taura da gwandar daji a cikin saura. Mutumin ƙauye bai taɓa ganin dalilin shuka waɗannan a gida ba. Me zai sa ya dasa abin da yake cike da daji? Mata su fita su tsinto ƙwarar kaɗe da sassafe, yara su kaɗo ɗorawa, a yi kalwa a yi daddawa, a yanko ganyen kuka a shanya a inuwa. Gida na mutane ne da dabbobi, daji kuma shi ne rumbun da ba a kulle shi.

Rumbun nan ne aka kulle. Kowa a nan ya san yadda aka yi, ba sai an maimaita masa ba: dazukan da suka taso daga gefen Rugu suka haɗe da Zamfara da Birnin Gwari sun zama mafakar 'yan bindiga. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin, amma mutanen ƙauyuka sun riga duniya ji a jikinsu. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma haramta wa manyan motoci ɗauko itace daga daji. Wani abin takaici shi ne, a cikin Disambar 2020 ɗin nan ne gwamnatin tarayya ta sa dajin Kogo, wanda yake wannan kusurwa ta jihar, cikin sababbin gandayen daji guda 10 na ƙasa, a daidai lokacin da talaka ba ya iya shiga ya yanko sandar fartanya. Iyalai da yawa sun baro garuruwan kakanninsu sun dawo bakin titi da cikin manyan garuruwa, wasu suna haya, waɗanda suka samu dama suka sayi 'yan filaye. Sun zo da tukwane da tabarmi da awaki. Ɗorawar kaka kuwa tana can inda aka bar ta.

Saboda haka wanda ya samu fili hamsin da ɗari a bayan gari, ya tsaya yana tunanin me zai shuka, ba maganar ado kaɗai ke gabansa ba. Wani ɓangare na abin da daji yake bayarwa kyauta dole yanzu ya dawo cikin katanga.

Darasin Maraɗi

Aiki na farko ba dashe ba ne, kame hannu ne. A farkon shekarun 1980, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dasa itatuwa a yankin Maraɗi, dashen kuma yana ta mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, tohon tsofaffin itatuwa ne da aka sare, jijiyoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya rage kawai a zaɓi toho mai ƙarfi, a rage sauran, a kare shi daga dabbobi. Manoman Nijar suka riƙe dabarar, suka ba ta suna sassaben zamani, har aka ƙiyasta ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Wannan fa a ƙasar da ruwanta bai fi rabin na Sabuwa ba.

Filin gida ma tsohuwar gona ce. Kafin mai tifa ya shigo, ya kamata mai gida ya zagaya da wani dattijo da ya san icce, su duba kowane kututture. Wanda ya faɗa inda ɗaki zai zauna, ba makawa ya tafi. Wanda ya faɗa tsakar gida ko ƙofar gida kuwa, dukiya ce da aka saya ba a sani ba. Toho guda da aka bar wa tsohuwar jijiya yakan wuce tsawon mutum tun dashen leda bai gama kama ƙasa ba, kuma ba ya neman ko bokitin ruwa. Wahalar ita ce magina. Sai an kewaye kututturen da bulo an kuma yi musu kashedi, in ba haka ba a gindinsa za su kwaɓa siminti, su ɗaure igiya a jikinsa, ko lebura ya sare shi ya yi ƙotar shebur. Bayan an gama gini kuma a kwashe ɓaraguzai da busasshen kwaɓi, kada a binne su a inda za a yi shuka.

Wane icce, a wane gefe

Hanya mafi sauƙi ta zaɓen icce ita ce mutum ya tambayi kansa yadda iccen yake a watan Maris da Afrilu. Kuka, duk da girmanta, tsirara take a lokacin, ba ta da ganye ko ɗaya sai ruwa ya kusa. Gawo kuwa akasin haka yake yi: da damina ya zubar da ganye, da rani ya yi shar, ga 'ya'yansa abincin tumaki. A gona wannan hali ne ya sa manoma ke ƙaunarsa, a gida kuma yana nufin inuwa a lokacin da ake nemanta, sai dai ƙayarsa ba ta yi wa yara masu yawo ba takalmi daɗi. Tsamiya da kanya da maɗaci kusan ba sa rabuwa da ganye. Ɗorawa takan zubar na ɗan lokaci, sai ta fito da tutu jajaye suna reto, sabon ganye ya biyo baya daidai shigowar zafi.

Rana mai cutarwa ita ce ta yamma, wadda ke dukan bango daga azahar har la'asar, bangon ya kwana yana mayar da zafin cikin ɗaki. A wannan gefe ya kamata babban iccen inuwa ya tsaya. Gabas kuwa daga nan guguwar farkon damina ke tasowa, mai yaye kwano, don haka icce mai gautsi kusa da ɗaki a gabas neman fitina ne.

A fili hamsin da ɗari, babban icce ɗaya ya isa, in an matsa biyu. Nan ne mutane ke ruɗuwa, su ga dashe ɗan ƙarami a leda su manta da yadda uwarsa take. Ɗorawa tana buɗe rassa har ta rufe rabin irin wannan fili. Maɗaci na gefen titi ne da harabar makaranta. Durumi da cediya, waɗanda kakanni suka zaɓa don ƙofar gida da dandali da fada, sun fi kowa sauƙin kamawa: a saro reshe mai kauri kamar damtse, a kafa shi da farkon damina, shi ke nan. Amma jijiyarsu ba ta da kunya, tana bin danshi duk inda yake, ta shiga masai, ta fasa sokawe, ta ɗaga daɓe. Gidan ƙasa na da yakan jure wannan, gidan bulo mai famfo ba ya jurewa. Wurinsu waje ne, nesa da harsashi da taku goma ko fiye, inda dattawan unguwa za su shimfiɗa tabarma.

A cikin gida, ni dai da za a tambaye ni, kanya ko ɗinya zan nuna wa mai ƙaramin fili, tsamiya kuma ga mai yalwa. Ɗinya tana son wuri mai ɗan danshi, tana ba da 'ya'ya a ci a kuma yi maɗi, sabon ganyenta a yi kwaɗon ɗinkin. Tsamiya tana da nawa, takan ɗauki shekara bakwai zuwa goma kafin ta fara haihuwa, kuma kusan babu abin da ke tsirowa a gindinta. Wannan aibi ne a gona, a tsakar gida kuwa shi ake so: wuri fes na ajiye turmi da shimfiɗa tabarma. Na san abin da za a ce, wai tsamiya da kuka gidan iskoki ne, ba a kwana kusa da su. Masu faɗin haka su ne ke aika yaro kasuwa ya sayo tsamiyar kunu da tsada a watan azumi.

Kuka tana da wata hanya da ba kowa ya sani ba. Ba dole sai an bar ta ta zama ƙatuwa ba. A Mali masu bincike sun nuna wa mata yadda ake shuka ta a fangali kusa da kusa kamar alayyahu, ana ba ta ruwa, ana tsinkar ganye tun tana wata kaɗan, ana datse kanta kada ta wuce ƙugu ko ƙirji. Fangali guda a bayan madafa yana ba da ɗanyen ganye har cikin rani, kuma duk wadda ta taɓa kaɗa miyar ɗanyar kuka ta san ba ɗaya take da garin da ya shekara a buhu ba.

Magarya ma haka. Cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa dabarar yi wa magaryarmu aure da wani iri mai manyan 'ya'ya daga Indiya. Gindin na gida ne, mai jure fari, kan kuma yana ba da 'ya'ya masu girman ƙaramin ƙwai, masu ruwa. Wanda ya tarar da kututturen magarya a filinsa ya riga ya mallaki rabin aikin.

Iri

Matsalar da mai niyya zai fara cin karo da ita ita ce, masu sayar da dashe a bakin titi ba su cika ajiye waɗannan itatuwa ba. Abin da ake tambaya suke renawa, kuma ba a tambayar kanya. Amma irin yana nan a kasuwar Sheme da ta Ɗandume da kowace kasuwar ƙauye, a faifan masu sayar da tsamiya da kuka da aduwa. Yana cikin madafar uwargida ma, ana zubar da shi kullum.

Yawancin ƙwayoyin nan ɓawonsu tauri gare shi, don an halicce su ne su bi ta cikin dabba kafin su tsiro. Sai an taimaka musu. Kalwa, wadda ba a dafa ba, a wanke mata garin nan rawaya, a tafasa ruwa a sauke, a zuba ta ciki ta kwana. Ƙwayar kuka ta fi taurin kai, gara a goga gefenta a kan dutse har farin ciki ya ɗan leƙo, sannan a jiƙa. Ta tsamiya kwana ɗaya a ruwa ya ishe ta. Gawo kuwa, a duba turken awakin da suka ci 'ya'yansa, za a tarar da ƙwayoyin a cikin taki an gama musu aiki. Ledar ruwan da aka sha aka yar, in an huda gindinta aka cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ta zama tukunyar reno. A fara a watan Maris ko Afrilu a inuwa, kafin ƙarshen Yuni dashe ya isa fita.

Kaɗanya ita ce ta daban, kuma ita ce ke gwada haƙurin mutum. Ƙwararta ba ta ajiyuwa: in ta bushe ta mutu, don haka cikin 'yan kwanaki da faɗuwarta ake binne ta, kuma ta fi son a binne ta a inda za ta zauna har abada. Sai ta fara tura jijiya ƙasa, mai shuka yana leƙawa kullum bai ga komai ba, har ya fid da rai, bayan wata guda ko fiye sannan ɗan toho ya ɓullo. Daga nan kuma shekara 15 zuwa 20 kafin ƙwarar farko. Mutum mai shekara hamsin yana da hujjar tambayar wa zai ci. Malamai suna da amsarsu a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya nuna duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. 'Yan kasuwa ma suna da tasu: man kaɗe ya zama kayan da masana'antun cakulan da man shafawa na Turai ke nema, har a Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwara na wata shida don a riƙa sarrafa ta a gida. Icce ne da kan haura shekara 200 yana haihuwa, kuma kusan duk wanda ke tsaye a gonakinmu ba wanda ya dasa shi, barinsa aka yi. Ana ta sare tsofaffin ana gawayi, ƙananan kuma garma na tumɓuke su.

In dashe ya isa fita, a haƙa rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi. Inda aka tarar da marmara ko tsakuwa, kamar yadda ake yawan samu a gindin duwatsun Faskari, a ƙara zurfi a fasa ta, in ba haka ba jijiya ta nannaɗe a wuri guda. Ƙasar sama a ware ta, a gauraya da taki wanda ya ruɓe sarai, domin ɗanyen taki gayyatar gara ne. A barbaɗa toka. A jira ruwa ya zauna, kada a ruɗu da yayyafin farko. Sannan kariya: akuyar maƙwabta ta fi fari kashe dashe, kuma ƙaya ko tsohon kwando ko da'irar bulo duk suna aiki, muddin an sa su a ranar da aka dasa, ba washegari ba.

Rani na farko shi ne jarrabawa. A unguwar da ake sayen ruwa a jarka ba wanda zai yi wa icce ban-ruwa da tiyo, kuma ba a bukata. A binne tsohon tulu a gefen dashe har wuya, a cika shi a rufe bakinsa, zai riƙa tsattsafowa a hankali kwana da kwanaki. A karkata kwatar wurin alwala da ta wanke hatsi zuwa gindinsa, amma ban da ruwan wanki mai sabulun gari. In iccen ƙasar nan ya ga damina ta biyu da ransa, da wuya ya sake neman taimakon kowa.

Masu son fure kada su ɗauka sai an je Kaduna an sayo. Kariya, mai kumburarren gindi da fure ja-ja, wadda ake sayarwa a tukwane a biranen duniya da tsada, 'yar dajinmu ce, ta fi son a manta da ita a kan tsakuwa, illa dai ƙaronta guba ne, a nisanta ta daga yara. Minjirya reshe ake kafawa, ta yi shinge ta kuma yi jan fure da rani. Sansami yakan lulluɓe da fure tun ba shi da ganye, marga ta zubo da nata rawaya, albasar kwaɗi ta fito daga ƙasa da saukar ruwan fari. Layin gamba a jikin katanga yana riƙe ƙasa, a yanka shi da kaka a yi zana. Gefen madafa kuwa na uwargida ne, kuma ta fi kowa sanin abin da za ta sa: shuwaka, rama, yakuwa, lalo, karkashi, ɗaɗɗoya, da lalle da zogale waɗanda suka daɗe da zama 'yan gida har an manta baƙi ne. Abin da take bukata daga mai gida kawai shi ne ya hana mai siminti kaiwa wurin.

Hukuma tana da nata rabon a wannan aiki. Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa, wanda aka kafa wa hukuma ta tarayya a 2015, tana kuma cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 da aka amince da shi a ƙarshen 2021. A Samaru ta Zariya, tafiyar 'yan sa'o'i daga nan, akwai tashar binciken itatuwan daji. Da kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan za ta riƙe wurin reno guda, ta cika rabinsa da ɗorawa da kanya da ɗinya da auren magarya, ta raba a watan Yuni maimakon ƙarshen Agusta da aka saba bikin dashe ruwa na shirin ɗaukewa, da ta yi abin da mai gida shi kaɗai ba zai iya ba.

Saura magana ɗaya da ake mantawa sai ta zama rigima a gaban mai unguwa. A ƙauye kowa ya san mai kowace ɗorawa, ko da tana tsakiyar gonar wani, kuma ana lissafa ta a rabon gado. A sabuwar unguwa, inda maƙwabci baƙo ne daga wani gari, babu wannan fahimtar. Reshe zai ƙetare katanga, ganye ya toshe indararo, yara su yi jifa a kan kwanon wani, wani kuma ya ce iccen ya zama tsanin ɓarawo. Duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe ne na gaskiya. Maganinsu a ja rami baya daga katanga da taku huɗu ko biyar, a riƙa rage rassan gefen tun suna ƙanana, kuma tun ranar haƙa ramin a leƙa a yi wa maƙwabci sallama a gaya masa abin da za a dasa, da cewa duk abin da ya faɗo ta wajensa nasa ne.